Rabin Fuskar Amadu

Alamin Mai Hoto mutum ne da Allah ya ba shi tsawo ya hana shi ƙiba, ya ba shi baki ya hana shi birki. Shagonsa yana Kaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa, inda ubansa ya yi aikin ɗaga tuta har gashinsa ya yi fari. Tsohon ya so ɗan ya gaje shi, sai jirgin ya raba gardama, ya daina zuwa. Alamin ya bi wani Bayarabe mai wankin hoto, ya koyi sana'a tun zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a fito hannu yana warin magani.

Ya ci zamaninsa, ba ƙarya. Ɗaliban foliteknik sun yi layi a ƙofarsa, amare sun yi, alhazai ma sun zo sun washe baki don haƙorin Makka ya fito. Sai waya ta shigo gari, kowa ya zama mai hoto, har tsohuwar da ba ta bambance jikanta da ɗan maƙwabta. Aka bar Alamin da hoton fasfo da korar ƙuda.

Waɗanda suka tsamo shi su ne matan aure masu sana'a a cikin gida, masu humra da turaren wuta da man kitso. Kowacce tana so kayanta su fito a waya kamar daga Dubai aka sauke su. To, kwalba muguwar aba ce a wajen mai hoto. Ka haska ta daga gaba, ta maido maka da haskenka, ka leƙa ka ga hancinka zaune a cikin humrar mutane. Alamin ya ga yadda masu hoton manyan birane suke yi, ya tafi wajen kafinta suka haɗa nasu: akwati dogo, ya kusa tsawon mutum, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Ciki aka shimfiɗa takarda mai ƙyalli, aka jera ƙananan ƙwayayen fitila masu aiki da batir, aka rufe bakin da farin yadi. Hasken ba ya watsuwa ko'ina. Yana fitowa a tsaye, mai laushi, ya taɓa inda aka aike shi, ya bar sauran a duhu. In ya ajiye akwatin a gefen kwalba, sai wani farin layi ya sauko daga wuyanta zuwa gindi, kwalbar da aka tsinto a bola ta koma 'yar gidan masu hali. Ya raɗa wa akwatin suna Siririya. Matarsa Asabe ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namiji yana goge katako da hannun rigarsa ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Bai taɓa gwada ta a fuskar mutum ba.

Amadu Bafillace ne, mai 'yan shanu da gonar gero a wajen Banga, abokin Alamin tun suna samari. Duk ranar kasuwa a ƙofar shagon yake jingine babur ɗinsa, ya sha ruwa, su zagi juna, ya wuce. Wata ranar kasuwa ya shigo da rawani, da layun da uwarsa ta rataya masa a wuya tun yana yaro, da sandarsa ta kiwo wadda ya ɗaure bakinta da baƙin ƙarfe don kada ta tsage.

"Kai Kaɗo, minene wanga kuma? Ka koma saida keji?"

"Tsaya nan, Ɗan Fillo. Yau za ka ga abin da nagge ba ta taɓa nuna maka ba."

"Ni ban biya ko sisi."

"Wa ya ce ka biya? Fuskarka ma ai kyauta Allah ya ba ka, shi ya sa ba a yi mata aiki sosai ba."

Amadu ya yi dariya, ya tsaya yadda makiyayi yake tsayawa, sanda a kan kafaɗu, hannaye rataye a kanta. Alamin ya rufe ƙofa, ya ja Siririya gefe ɗaya, ya kunna. Ya ce kada ya yi dariya. Ya danna.

Ya duba bayan kyamara. Ido ɗaya, gefen hanci, rabin gemu, laya guda tana sheƙi, sai bakin ƙarfen nan ya leƙo ta bayan kafaɗa. Sauran duka baƙi ƙirin.

Amadu ya leƙa ya ce, "Ina ka kai rabin huskata? Maido man abina, matata ta san ni da kunne biyu."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi kasuwa. Alamin kuwa ya yi abin da kowane mai hoto yake yi tun da aka fara sana'ar: ya wanke hoton babba, ya rataye a ƙofar shago don masu wucewa su san akwai gwani a ciki. Ba a tambayar mai fuska. Ba a taɓa tambaya ba. Amare nawa suka tsufa a bangon nan ba su sani ba?

Ba a daɗe ba, wata safiya yana shan koko, Asabe ta miƙo masa wayarta.

"Baban Ilham, wanga ba hotonka ba ne?"

Nasa ne, hoton Amadu da ya rataye. Wani ya ɗauka da waya daga ƙofar shago, ya yanke sunan shagon da ke ƙasa, ya rubuta a kai cewa jama'a su gane wannan fuskar da kyau, shi ne sabon mai tare hanya, ga bindigarsa nan a kafaɗa. Daga zauren matan unguwa na waya Asabe ta gani. Su kuma daga zauren 'yan kasuwar hatsi, su kuma daga wajen direbobi. Kuma kada a ce mugaye ne suka yaɗa. Mutanen da suka binne nasu ne, mutanen Kurya Madaro da suka bar dawa a gona suka kwana a makaranta. Wanda aka ɗauke wa ɗiya, in ka nuna masa rabin fuska da rawani, ba zai tsaya neman ɗaya rabin ba.

Alamin ya ruga shago ya yage hoton. Ya yi saƙon murya, ya rantse da Allah, ya faɗi sunan Amadu da na ubansa, ya ce sanda ce, sandar kiwo. Ya tura wa duk wanda yake da lambarsa. Ba wanda ya tura gaba. Mace ɗaya ce ta amsa, ita ma tambaya take ko an gama hoton man kitsonta. Ya kira Amadu, waya a kashe, don rugarsu sai an hau tudu ake samun sabis. Ya aika ɗan acaɓa, aka ce ya fita da shanu. Ya ce gobe da kansa zai je.

Goben, da hantsi, Lubabatu matar Amadu ta tsaya a ƙofar shagon da goyo a baya, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ta yi sallama ba.

"Malam Alamin, sun kama shi."

Ba ta faɗin sunan mijinta, amma ba a bukatar suna.

"Su wa? Ina?"

"Zurmi. Tunkiya ya kai kasuwa. Wanda sunka tahi tare ya gudo. Ya ce 'yan sa-kai ne, sun nuna mashi waya. Sun ce in an yi la'asar za su hita da shi bayan gari."

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wanda aka fita da shi bayan gari ba ya dawowa ya ba da labari.

Alamin ya rataya kyamara. Ya kai ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Wa zai yarda da bakinsa? Shi kansa ya san rabin abin da yake faɗa a rana wasa ne. Ya kinkimo Siririya ya ɗaure a bayan babur a gicciye, ya ɗaura batir a kan tanki. Asabe ta zo jan Lubabatu zuwa gida, ta ga abin da ake ciki.

"Hanyar Zurmi, Baban Ilham? Kai kaɗai? Motoci ma sai sun taru suke bi."

"In na jira su taru, sai dai in je ta'aziyya."

Hanyar ta yi shiru irin wanda ba a so. Gero ya nuna a gonaki, ba mai yanka. Ƙauye ya wuce, ba hayaƙi, ba kaza. Iska tana kama akwatin tana karkatar da babur, kowane rami sai ya ji ƙwayayen fitila sun yi ƙara a ciki, ya ce, "Ya Rabbi, ko ɗaya kada ta mutu." Duk addu'ar da ya iya ya karanta, har ta shiga bayi. A wani shinge jami'in tsaro ya ɗaga masa hannu, ya zagaya akwatin, ya taɓa farin yadin da bakin bindiga.

"Gawar wa ka ɗauko?"

"Ba a kai ga gawa ba tukuna, Yallaɓai. Ita nake gudu."

Sai da ya kwance ya nuna, ya kunna, ya kashe, ya sake ɗaurewa, rana tana ta gangarawa.

Ya isa Zurmi an idar da azahar. Ba sai ya yi tambaya ba, taron mutane ya nuna masa wurin: wani ɗakin ajiyar hatsi a bayan kasuwar dabbobi. A ƙofa shugaban 'yan sa-kai yake zaune a kan buhu, sunansa Jibrin, ƙaton mutum mai rigar layu, bindiga ƙirar gida a kan cinya. Manomi ne kafin a kashe ƙanensa a gona. Ta bayansa Alamin ya hango Amadu a ƙasa, an ɗaure shi ta baya, ba rawani, leɓe a fashe. Bai iya kallo na biyu ba.

Ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni na ɗauki hoton nan. A shagona, a Kaura. Wallahi makiyayi ne, abokina ne."

Jibrin ya dube shi sama da ƙasa, aikin da ya ɗauki lokaci saboda tsawon.

"Kai ka ɗauke shi? Ashe kai ne mai hoton mutanen daji. Madalla, kun zama biyu."

Wasu samari suka matso. Alamin ya miƙe. Ya zaro kyamara, ya nemo hoton, ya ƙara masa haske a kan allon har duhun ya yaye, sanda ta fito tun daga wannan hannu zuwa wancan.

"Duba, ranka ya daɗe. Sanda ce."

"Na gani. Gabana yanzu ka maida bindiga sanda. Minene wahala ga mai na'ura?"

Aka yi dariya, irin wadda ba daɗi. Wani ya ce a ɗaure shi shi ma. Daga masallacin kasuwa aka ji ladan yana gwada lasifika, yana hura ta.

Alamin ya ce, "To ba ni aron fuskarka."

"Mi ka ce?"

"Fuskarka, ranka ya daɗe. Yanzu zan maido maka. Kowa a nan ya san ka, ya san ba ɓarawo ba ne kai. Ka tsaya inda na tsayar da shi. In ka ga banza, ka haɗa ni da shi."

Ko mamaki ne ya kama Jibrin, ko dai ba a taɓa roƙonsa irin wannan ba, ya miƙe. Aka shiga ɗakin da ake tsare da Amadu, don shi kaɗai ne mai duhu. Alamin ya sa aka toshe taga da buhu, aka ja ƙofa. Ya haɗa wayar wuta da batir. Siririya ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta ɗauke, ya mare ta a gefe, ta kama. Rabin ƙwayayen sun mutu a hanya. Ya tsinci rawanin Amadu a ƙasa ya naɗa wa Jibrin, ya karɓi bindigar ya ba wani, ya ɗora masa sandar Amadu a kafaɗu.

"Kada ka yi dariya."

"Ka ga alamarta?"

Ya danna. Ya juya kyamara.

Jibrin ya daɗe yana kallo. Ido ɗaya, rabin gemu, layu suna sheƙi, baƙin ƙarfe ta bayan kafaɗa. In Amadu ya fito mai tare hanya, wannan ya fito uban gidansa. Amadu yana numfashi ta hancin da ya kumbura.

"Wanga ni ne?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ka ga ke nan haske ne yake..."

"Kai! Ashe haka nike!" Ya juya ga mutanensa, fuskarsa ta buɗe. "Ku zo ku ga maza! Mai hoto, tura man shi ga waya."

Alamin ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ya yi kasadar ransa a hanya don ya nuna musu hoto yana ƙarya, su kuwa sun ga gaskiyar da suka daɗe suna jira a faɗa musu. Kafin ya buɗe baki an yi layi. Wannan yana gyara hula, wancan yana aron layu, wani yana tambaya ko za a iya sa masa bindigar gaske tunda ta sanda ma ta yi kyau haka. Ya ɗauki na farko, ya ɗauki na biyu, yana kallon hasken yana yin ja, batir yana mutuwa. Amadu yana kwance a gefen ƙafafunsu, ba wanda ya tuna da shi. Sai ladan ya ɗaga murya, ya kira la'asar.

Alamin ya sauke kyamara. Bakin nan da bai taɓa rasa magana ba, da ƙyar ya haɗa guda.

"Ban ƙara ɗaukar kowa sai an kwance shi."

Layin ya yi gunaguni. Wani dattijo da bai shiga layi ba, wanda tun ɗazu yake tsaye a jikin bango, ya matso. Ɗiyarsa tana hannun mutanen daji tun damina, kowa ya sani.

"Jibrin, wasa munka zo yi? In shi ne hwa? In mun sake shi, ya koma ya kwana inda ɗiyata take?"

Ba wanda ya yi dariya. Jibrin ya dubi dattijon, ya dubi hoton kansa, ya dubi sandar da har yanzu take hannunsa. Ya juya bakin ƙarfen, ya ƙanƙare shi da farce.

"Baba, da wanga hoto kaɗai munka kama shi. Akwai wanda ya taɓa ganin shi da ido yana ɓarna?"

Aka dubi juna, ba a sami ko mutum ɗaya ba.

"To in shi ne, ni ma ni ne. Ku kwance shi."

Dattijon ya fita, kuma fitarsa ta fi zagi ciwo. Aka yanke igiya. Amadu ya kasa miƙewa sai da Alamin ya sa kafaɗa. Tunkiya kuwa ba wanda ya san inda ta yi.

Alamin ya juya zai ɗauki Siririya, Jibrin ya ɗora ƙafa a kanta.

"Wagga ba ta komawa Kaura. Ta ƙera ɓarawo guda, ya isa."

Ko tsaron jama'a ne ya dame shi, ko yana hangen hoton sallah, Allah ne masani. Alamin bai yi musu ba. Babur ɗin ma ba zai ɗauke su su uku ba.

Jibrin ya rako su har bakin hanya, ya rage murya. "Ni na sake shi. Amma hotonga ya kai Shinkahi, ya wuce. Can ba su san ni ba, ba su ga abin da na gani ba. Kuma mutanen daji ma suna da waya. Za su so su ga wanda aka naɗa masu ba da saninsu ba."

Ba su yi nisa ba Amadu ya taɓa kafaɗar Alamin, ya nuna wani wanzami a gindin bishiyar bedi. Ya sauka ya zauna a kan tabarma, ya nuna gemunsa. Gemun da bai taɓa sa wa aska ba tun da ya yi aure. Wanzamin ya tambaya har sau biyu, ya gyaɗa kai. Alamin ya tsaya riƙe da babur yana kallon gashin yana zuba a cinyar abokinsa. Da aka gama ya cire hularsa ya kifa masa. Mutumin da ya hau bayansa, ko shi da ya san shi tun samartaka sai ya duba sau biyu.

A hanya Alamin ya gwada. "Ɗan Fillo, ka ga yanzu ka koma ango. Lubabatu za ta ce a sake ɗaura..."

Bai ƙarasa ba, don ba a amsa ba. Sun wuce gonakin geron nan, sun wuce shingen, jami'in ya tambayi ina gawar, ba wanda ya tanka masa. Sai da rufin kwanon Kaura ya fara bayyana Amadu ya yi magana, da leɓen da ya kumbura.

"Kaɗo."

"Na'am."

"Ka tambaye ni kahin ka rataye ni ga bango?"

"Ban tambaye ka ba."

"To."

Lubabatu ta gan shi a tsakar gidan Asabe, ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kuka mara sauti. Ruwa kawai suka sha. Asabe ta ba ta takalmi.

Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya iso shago cewa Amadu yana kwashe ruga. Alamin ya hau babur ya je. Ya tarar an kwance bukkoki, an ɗaure ƙwarya da tabarmi a kan jakuna, geron da ya nuna an bar wa maƙwabci ya yanka su raba in Allah ya sake haɗa su. Amadu yana ɗaure ɗan maraƙi, kansa ba rawani, hannunsa ba sanda, da reshen geza yake kora shanu.

Alamin ya kama masa igiya, suka ɗaure tare. Ya ce zai sake yin saƙo, zai je Shinkafi da kansa, zai bi tasha-tasha yana faɗa. Amadu ya ce Allah ya ba da sa'a. Shanu suka fara tafiya, Lubabatu ta bi da goyo.

"To ina kuka nufa? Ko don in san inda zan neme ka."

Amadu ya tsaya. Ya dube shi da idanu biyu, ba fushi a ciki, sai gajiya.

"Kai dai ka gaida Asabe," ya ce, ya bi shanunsa.